'Yata na son zuwa horon aikin jarida a jami'a lokacin hutu, mahaifinta ya ƙi: ina neman shawara

Maman_Zango_Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda 'ya'yansu suka riga namu bin wannan hanya. 'Yata ta fari tana aji 11 a sakandare nan Bronx, a birnin New York na Amurka. Malamar da ke kula da jaridar makarantarsu ta kira ni, ta ce yarinyar tana da hannu a rubutu, ya kamata ta nemi shiga horon aikin jarida da jami'o'i ke shirya wa yaran sakandare a hutun bazara. Ta ambaci na Jami'ar Princeton da na Jami'ar New York, wato NYU. Ta ce ba a biyan ko sisi, amma yara za su kwana can wajen kwana goma, su yi rahoto, su fitar da jarida tasu.

Mahaifinta ya ce sam. Shi burinsa ta zama nas ko ta karanci harhaɗa magunguna, kuma bai yarda 'ya mace ta kwana a ɗakin ɗalibai cikin mutanen da bai sani ba. Ita kuma tun da aka yi maganar ba ta da walwala. Zuciyata ta rabu biyu. Shin wannan horon yana da amfani na gaske? Aikin jarida yana ciyar da mutum a ƙasar nan? Kuma me ya sa 'ya'yan baƙaƙe da talakawa aka fi nema da shi?

Bakatsine_Houston:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni dai ina bayan maigida. Jaridu sai mutuwa suke yi a ƙasar nan. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙirga cewa a 2008 ma'aikatan ɗakunan labarai sun kai kusan 114,000, zuwa 2020 sun koma 85,000. Ɓangaren jaridun takarda kuwa fiye da rabi ne ya tafi. Nas fa duk garin da ta sauka aiki na jiranta. Kada a yaudari yarinya da kwana goma na kyauta ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa.

Bazazzagiya_MD:
Yaya Bakatsine, alƙalumanka daidai ne, amma ba tambayar da aka yi ke nan ba. Ba a ce yarinya ta sa hannu a takarda cewa jarida za ta yi har tsufa ba. Shekarunta 16 ko 17. Kwana goma ne na koyon rubutu da tambaya. Nas ma ai tana rubuta rahoto, lauya ma haka.

TsohonEdita:
Bari in amsa tambayar Hajiya ta uku, don daga ita sauran suka taso.

A bazarar 1967 an yi tarzoma mai muni a unguwannin baƙaƙen fata na Newark da Detroit da wasu biranen. Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan Illinois, Otto Kerner. Da rahoton ya fito a 1968 bai tsaya kan 'yan sanda da rashin aiki da gidaje ba, har kafafen labarai ya ɗora wa laifi. Ya ce suna kallon ƙasar ne da idon farar fata kaɗai, shi ya sa wutar ta daɗe tana ci a ƙasa ba su gani ba. Ya kawo adadi: baƙaƙen fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu aikin labarai ba, a cikin editoci da shugabanni kuwa ba su kai kashi 1 ba.

Uzurin da editoci suka riƙa bayarwa shi ne wai sun nemi ƙwararrun baƙaƙe ba su samu ba. To sai aka ce a je a samar da su. Jami'ar Columbia ta buɗe horon bazara ga manya, daga baya ya koma Jami'ar California da ke Berkeley a hannun su Robert Maynard, mutumin da a 1983 ya sayi jaridar Oakland Tribune. Asusun Dow Jones, na kamfanin da ke buga Wall Street Journal, shi kuma ya sauka ƙasa zuwa yaran sakandare, ya riƙa ba jami'o'i kuɗi su tara yara a hutu su koya musu. Dalilin sauka ƙasan a fili yake: yaron da ba a taɓa ganin ɗan jarida a danginsu ba, makarantarsu ba ta da jarida, ba zai wayi gari yana da shekara 22 ya ce aikin yake so ba. Dole a same shi da wuri.

Irin wannan horo ya bazu. Jami'ar Missouri tana da nata tun farkon shekarun 1970, Jami'ar Alabama ta fara a shekarun 1980, Jami'ar Miami tana da wanda yara ke fitar da Miami Montage. Na NYU da malamar ta ambata ma daga wannan zuriyar yake.

DanKumasi_NY:
Baba TsohonEdita Allah ya ƙara lafiya. To amma an ci nasara kuwa? Fiye da shekara hamsin ke nan fa.

TsohonEdita:
Amin, ɗana. An matsa gaba, amma ba a kai inda aka yi alkawari ba. A 1978 ƙungiyar editocin jaridun Amurka ta ɗauki alkawarin cewa kafin shekarar 2000 yawan tsiraru, wato waɗanda ba fararen fata ba, a ɗakunan labarai zai yi daidai da yawansu a ƙasa. A lokacin ba su cika kashi 4 ba. Da aka kusa wa'adin aka ga ba za a kai ba, a 1998 suka ɗaga shi zuwa 2025. Binciken da Pew ta yi a 2022 kan 'yan jarida kusan 12,000 ya nuna kashi 76 farare ne, 8 'yan asalin Latin Amurka, 6 baƙaƙe, 3 'yan asalin Asiya. Baƙaƙe kuwa sun haura kashi 12 na mutanen ƙasar. Ka ga da saura.

Bakatsine_Houston:
To ai ka gama min magana, Baba. Shekara hamsin ana horo, kashi 6. Ina amfanin?

Hauwa_Jarida:
Kawu Bakatsine, bari in amsa a matsayin wadda ta je. Ba na Princeton ko NYU na yi ba, na wata jami'ar jiha ne a tsakiyar ƙasar, lokacin ina sakandare. Yau ba jarida nake yi ba, ina aikin wayar da kai a ɓangaren lafiyar jama'a, don haka a lissafinka ina cikin waɗanda aka yi asararsu. Ni ban ga asara ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne labarina na farko. An tura ni in yi rahoto kan wata hanyar bas da hukumar gari ke shirin sokewa. Na tsaya a tasha da ɗan littafina, hannuna na rawa, mutum uku suka wuce ban iya buɗe baki ba. Ta huɗun wata dattijuwa ce mai aikin shara a asibiti da dare. Ta ce in aka soke bas ɗin sai ta yi tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa kafin ta kai wata tashar. Na rubuta, na kai wa editar da ke kula da mu, wadda ma'aikaciyar jaridar garin ce. Ta ɗauki jan biro ta zagaye sunan matar ta ce: kin tambaye ta yadda ake rubuta shi harafi-harafi? Ban tambaya ba. Ta zagaye "kusan awa ɗaya" ta ce: kin duba taswira? Ta zagaye sunan hukumar ta ce: kin kira su sun faɗi nasu? Ta miƙo min waya. Haka na kira ofishin gwamnati ina 'yar shekara 16, na faɗi sunana, na yi tambaya, kuma aka amsa min. A gidanmu an tarbiyyantar da mu ba a kallon babba a ido balle a yi masa tambaya. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ƙasar nan in ba ka iya tambayar hukuma ba, haƙƙinka a hannunta zai kwana. Tun daga ranar ni ke kira wa mahaifiyata kamfanin inshora da ofishin maigidan haya.

Anti Maman_Zango, wannan shi ne abin da za ta samo. Ko ta zama nas, za ta zama nas ɗin da ba a rufe mata baki.

Maman_Zango_Bronx:
Allah ya yi miki albarka Hauwa. Batun kwana fa? Da salla, da abinci, da hijabi? Shi ne babban abin da ke damun mahaifinta.

Hauwa_Jarida:
A namu, hawan mata daban na maza daban, akwai manya masu kwana a kowane hawa, da dare ana ƙirga mu, ba a fita harabar jami'a sai da malami. Ina salla a ɗakina, abokiyar ɗakina har takan fita ta ba ni wuri. Abinci ne ya ɗan ba ni wahala, kifi da ƙwai da ganye na yi ta ci, sai kilishin da aka sa min a jaka. Hijabi kuwa ba wanda ya ce min uffan. Amma Anti, wannan nawa ne. Kowace jami'a da tsarinta. Ku nemi lambar mai kula da shirin ku yi masa waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi kyau Baba da kansa ya yi su.

Alhaji_Columbus:
Ina so in yi magana a madadin mahaifin yarinya tunda ba ya cikin zauren nan. Kada mu mai da shi kamar wanda bai waye ba. Mutumin da ya bar ƙasarsa, wataƙila yana tuƙa tasi ko yana aikin dare don 'ya'yansa su huta, in ya ce nas, ba mugunta ba ce. Tsoron talauci ne, kuma ya san talaucin. In ya ce kada ta kwana a waje, amana yake karewa. Hajiya, kada a cike fom a bayan idonsa. Ko an ɗauke ta, abin da aka fara da ɓoyo ba ya albarka. Ki roƙe shi ku je wurin malamar tare, ya ji da kunnensa.

Gimbiyar_Damagaram:
Gaskiya ne Alhaji. Amma a gaya wa iyaye maza su ma su riƙa sauraro. Yarinya ta ce ga abin da take so, malamarta ta shaida. Sau nawa muke samun malamin da zai ɗaga waya ya kira uwa don alheri? Yawanci sai yaro ya yi laifi.

Sadauki_Kano:
Salam. Ni daga Kano nake bin zauren nan. Ƙanena yana SS2, yana cikin ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarsu, shi ke karanta labarai a taron safe. Zai iya neman na Princeton ɗin daga nan? Na ji an ce na baƙaƙen fata ne.

Bazazzagiya_MD:
Sadauki, gyara biyu. Na farko, na yaran da ke zaune a Amurka ne, suna karatu a nan. Na biyu, ba launin fata ake dubawa ba, ƙarfin gida ake dubawa. Wasu tsofaffin ɗaliban Princeton da suka yi aiki a jaridar ɗalibai ta jami'ar ne suka kafa shi a 2002, don yara masu ƙoƙari 'yan gidajen da samunsu bai da yawa. Ana so yaro ya kasance a aji 11, makinsa mai kyau, kuma za a nemi takardun da ke nuna kuɗin da ke shigowa gidan. Yara kamar arba'in ake ɗauka daga duk faɗin ƙasar, don haka gasar tana da zafi. Har kuɗin jirgi su ke biya.

Abin da nake so Maman_Zango ta kai wa maigida shi ne wannan: ba a sallamar yaro bayan an gama. Ana haɗa shi da mai ba shi shawara da zai bi shi duk shekararsa ta ƙarshe a sakandare, zaɓen jami'o'i, rubutun neman shiga, fom ɗin tallafin karatu. Masu kuɗi dubban daloli suke biya a yi wa 'ya'yansu wannan. Kuma ba wanda zai tilasta mata ta karanta jarida a jami'a. Tana iya samun jami'a mai kyau da tallafi ta wannan hanya, ta je ta karanta likitancin ma gaba ɗaya.

Sadauki_Kano:
Na gode Anti. Mu nan da a ce sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu za su riƙa buɗe ƙofa ga yaran sakandare a dogon hutu, ko na mako guda ne, da an ga yara. Ɗakunan na nan a rufe lokacin hutu, ga gidajen rediyo cike da gari.

Malam_Na_Harlem:
Sadauki ka kawo magana mai kyau, amma bari in koma kan wani abu da na san yana zuciyar iyaye da yawa ko ba su furta ba. Wasu na ganin aikin jarida tonon asiri ne da yawo da maganar mutane, don haka bai dace da ɗiyar Musulmi ba. A duba Suratul Hujurat, aya ta 6, inda aka umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kada mu cutar da mutane cikin rashin sani. A surar nan kuma aka hana bincike don tona asiri da cin naman mutane. Duka biyun suna nan. Abin da Hauwa ta ba da labari, a tabbatar da suna, a duba nisa, a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, ai shi ne aka umarce mu. Mu da muke tura duk abin da ya faɗo WhatsApp ba tare da dubawa ba, mu ne ke buƙatar horon nan fiye da yaran.

DanKumasi_NY:
Malam ka taɓo inda ke min ciwo. Hajiya, ke 'yar Bronx ce, kin san gobarar benen haya na Twin Parks ta Janairun 2022. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan asalin Gambiya, Musulmi, maƙwabtanmu. Na tsaya a bakin masallaci a kwanakin nan ina kallon masu kyamara. Wasu sun yi aiki da mutunci, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma na ga wanda ya miƙa wa mace mai takaba makirufo ko sallama babu, ta juya masa baya. Can sai ga wata yarinya ɗaliba da ɗan littafi, ta cire takalmi, ta durƙusa ta yi gaisuwar ta'aziyya yadda ake yi, ta zauna shiru tare da matan. Ita suka yi wa magana. Batun ɗumama ɗaki da sanyi, batun ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu ba su rufe ba, mazauna irin waɗannan gine-gine sun daɗe da sanin su. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ba mu da namu a ɗakin labarai, sai an mutu ake zuwa unguwarmu.

Zainabu_Atlanta:
Yaya DanKumasi, Allah ya jiƙansu. Na yarda da kai rabi. Ni ina aikin, a wani gidan talabijin na gari, kuma abin da kake yabo yana da nasa nauyin. Da zarar an san ke baƙa ce, Musulma, 'yar baƙi, duk labarin da ya shafi masallaci ko 'yan gudun hijira ke za a tura. Ina son in yi rahoton kasafin kuɗin gari, sai a ce ga bikin salla can. In kin yi labarin naku kuma a riƙa tambayar ko za ki iya adalci. A gefe guda mutanenki na cewa kin tona musu asiri a gaban baƙi, don kin yi rahoto kan wani abin da ba sa so a ji. Albashin farko kuwa, a ƙaramin gari, bai kai na nas ba ko kusa. Kawu Bakatsine bai yi ƙarya ba.

Shigo da yara abu ne mai sauƙi. Riƙe su ne ya gagara. Waɗanda muka fara tare da yawa sun koma aikin hulɗa da jama'a a kamfanoni, saboda haya da bashin karatu. Duk da haka in an tambaye ni ko yarinyar ta je, zan ce ta je. Sai dai a gaya mata gaskiya tun yanzu, kuma in ta shiga jami'a ta haɗa da wani fannin, tattalin arziki ko kimiyya ko lissafin bayanai. Ɗan jaridar da ya san wani abu ban da jarida shi ake riƙewa.

Bakatsine_Houston:
Yauwa, ga mai aikin ta faɗa. Ku dubi Muryar Amurka ma. Sashen Hausa tun 1979 aka buɗe shi, amma a Maris ɗin 2025 da umarni ɗaya daga fadar shugaban ƙasa aka tura ma'aikata fiye da dubu hutun dole. Mutanen da muka tashi muna jin muryarsu. Jami'ar Northwestern kuma ta ƙirga jaridu fiye da 3,000 da suka rufe tun 2005.

Gimbiyar_Damagaram:
Ita dai ta ce a bar yarinya ta je, Yaya. Kada ka ɗauki rabin maganarta ka bar rabi.

Lauya_Chicago:
Akwai ɓangaren shari'a da ya kamata iyaye su sani, don ya canza fasalin shirye-shiryen nan. A 2006 wata ɗaliba farar fata ta kai ƙara kan horon da ake yi a Jami'ar Virginia Commonwealth da ke Richmond, ta ce an ba ta gurbi sannan aka janye da aka gano launinta. A 2007 aka sasanta, asusun Dow Jones ya amince horon da yake ɗaukar nauyi zai zama na kowa ba tare da duba launi ba. Tun daga nan da yawa suka sake suna da sharuɗɗa. Sai kuma Yunin 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina cewa ba za a duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai ba. Jihohi irin su Texas da Florida da Alabama sun yi dokokin da suka rufe ofisoshin kula da bambancin jinsi da launi a jami'o'in gwamnati.

Ma'anarsa gare mu: ba wanda zai ɗauki yarinya don baƙa ce. Abin da za ta rubuta da kanta shi ne zai shigar da ita, kuma hukuncin bai hana ɗalibi ya ba da labarin rayuwarsa a rubutun neman shiga ba. Ta rubuta abin da ta sani: fassara wa uwa a asibiti, islamiyya ranar Asabar, gidan da ake magana da harshe uku. Na biyu, kada a ɗauka shirin da aka yi bara yana nan bana. A duba shafin jami'ar kai tsaye.

Yusufa_Philly:
Ni a ganina hakan ya fi. A buɗe wa kowa, a duba talauci. Ɗan farar fata talaka a ƙauyen West Virginia shi ma ba shi da kowa a ɗakin labarai.

TsohonEdita:
Yusufa, yaron West Virginia ya cancanci gurbi, ban musa ba. Amma kada mu manta abin da ya sa aka fara da launi. Makarantar koyon jarida ta Jami'ar Missouri, wadda aka buɗe a 1908, ita ce ta farko a ƙasar. A 1939 ta karɓi takardun wata 'yar jarida mai suna Lucile Bluford don karatun digiri na biyu. Da ta zo rajista aka ga baƙa ce, aka mai da ita. Ta yi ta nema, ta yi ta shari'a, ba ta taɓa zama a ajin ba. Ta yi shekaru tana jagorantar jaridar baƙaƙe ta Kansas City Call, sai a 1989 jami'ar ta ba ta digirin girmamawa. Ba talauci ya hana ta ba.

Kuma ina so mu baƙin da muka zo daga baya mu riƙe wannan. Ƙofar da 'yar Hajiya za ta bi, jikokin bayi ne suka buɗe ta da wahalarsu, tun daga Freedom's Journal a 1827 da su Ida B. Wells da ta yi rahoton kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe har aka farfasa mata ofis a Memphis. Ina jin zafi in na ji namu suna raina baƙaƙen ƙasar nan, alhali a inuwarsu muke zaune. In yarinya ta je, ta san wannan tarihin kafin ta tafi.

Yusufa_Philly:
Na ji Baba, kuma tarihin gaskiya ne. Amma har yanzu ina ganin ma'aunin samun gida shi ne zai tsira a kotu, kuma yawancin yaranmu za su shiga ta nan ɗin.

Lauya_Chicago:
A kotu kam haka ne. Ko zai kai ga yawan da ake nema, wannan wata magana ce.

Maman_Zango_Bronx:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu sau biyu. Na nuna wa mahaifinta abin da Alhaji_Columbus da Zainabu suka rubuta. Bai ce e ba. Ya ce zai je ya ga malamar, kuma in ma za a yi, ya fi son na cikin New York inda zai iya shiga jirgin ƙasa ya je ya gan ta. Ita kuma na Princeton take so saboda taimakon neman jami'a.

Bakatsine_Houston:
Allah ya zaɓa mafi alheri. Ni dai ina nan kan bakana game da sana'ar, amma ganin malamar ba laifi.

Bazazzagiya_MD:
Ta nemi duka biyun mana, neman ba shi ne samu ba. Akwai ma na ƙungiyoyi, kamar JCamp na ƙungiyar 'yan jarida 'yan asalin Asiya, wanda yaro na kowane launi zai iya nema, da wanda rassan ƙungiyar 'yan jarida baƙaƙen fata ke yi a wasu birane ranakun Asabar, yaro ya je ya dawo gida ya kwana. Wannan zai iya kwantar wa maigida da hankali. Sai dai Hajiya ki lura da lokaci: na Princeton tun cikin sanyi ake rufe karɓar fom, ba a jira bazara. Ki sa ta tara rubuce-rubucenta mafi kyau na jaridar makaranta, ta roƙi malamar wasiƙar shaida tun yanzu, ku kuma ku nemo takardun harajin bara ku ajiye kusa.

Zainabu_Atlanta:
Anti, in ta rubuta na gwajin ta turo min ta akwatin saƙo in duba mata. Ba zan rubuta mata ko layi ɗaya ba, masu tantancewa suna gane hannun babba. Zan dai zagaye inda ke buƙatar ta koma ta sake tambaya.

Sadauki_Kano:
Anti Zainabu, in ba damuwa, ƙanena ma zai iya turo nasa? Kan matsalar ruwa a unguwarmu ya rubuta, ya yi hira da 'yan garuwa biyar.

Zainabu_Atlanta:
Ya turo. Amma ka tambaye shi tukuna ko ya je hukumar ruwa ya ji ta bakinsu. In bai je ba, ya fara zuwa.